Safiyar da Aka Ta da Motata da Garwashi

Mun tashi daga Tasawa ana sallame sallar asuba, ni da taubashina, cikin tsohuwar motata mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke ce wa bashe. Masu bibiyata sun san ta, don na sha sa hotonta tana nishi da buhunan wake da aya a kasuwannin ƙauye. Wannan karon ba kaya muka fita nema ba. Inna za mu ɗauko, mahaifiyata, daga ƙauyenmu da ke arewa da Mayahi, can cikin ƙasar Mairairai.

Yanar ido ta rufe mata gani shekaru ke nan. Ba ta bambance komai sai dare da rana. Akwai likitocin ido da ke zagayowa sau ɗaya a shekara, kuma washegari za su yi aiki a Mayahi. Wanda ya iso kafin hantsi ya ɗaga a karɓe shi, wanda ya makara sai baɗi. Mun sha roƙonta mu kai ta Maradi, ta ce ita ba a taɓa mata ido da wuƙa cikin zafi, ciwo ba ya warkewa da kyau sai da ɗari, shi ya sa ake yi wa yara kaciya a lokacin. Bara ɗarin ya zo ta ce ba ta shirya ba. Bana da bakinta ta aiko a gaya mini ta yarda. A shekarunta ba na son in dogara da baɗi, don haka na ɗauki wannan safiya ɗaya da muhimmancin da ban taɓa ba wata kasuwa ba.

Kafin labarin hanya, bari in kai ku gareji, don daga can tafiyar ta fara.

Motar gazuwal, wato mai shan dizal, ba ta shiri da sanyi. Da zafi kana murɗa makulli ta amsa, da ɗari kuwa sai ta yi ta gurnani tana ƙin tashi. Mu kuma mutanen nan duk dabararmu ta yaƙi da zafi ce. Bazara na kamawa sai a zuba wa inji baƙin mai mai kauri, a cire wani ɗan ƙarfe da ke tsare ruwa cikin inji har ya yi ɗumi, wanda masu gyara ke kira kalosta, don ruwan ya yi ta zagayawa ba tsayawa. Bututun da ke kawo ɗumi gidan gaba kuwa, tun ranar da mota ta shigo ƙasar nan ake toshe shi, don wa zai nemi ƙarin zafi a Tasawa? Sai ɗari ya zo ya iske mu da motar da aka shirya wa azabar rana, mu yi ta zaginta da safe alhali mu muka tuɓe ta.

Na yini a garejin mutumina. Ya zubar da tsohon mai, ya fito baƙi ƙirin, da kauri kamar kunun da ya kwana, ya zuba mai ruwa-ruwa wanda sanyi ba ya daskarar da shi. Ya gwada bujin da ke ɗumama inji kafin ya tashi, muka tarar rabinsu sun mutu ban sani ba, don da zafi ba a jin rashinsu. Muka sake su duka. Muka ƙara wa batir ruwa, muka kankare farin gishirin da ya taru a kawunansa. Muka canza rariyar gazuwal, ga ruwa kwance a ƙasanta. Kalosta ce ta ba ni wahala, don na manta inda na jefa ta tun bazara. Sai da na koma gida maiɗakina ta zaro mini ita daga gwangwanin da take ajiye allura da maɓallai, ta ce ta san wata rana zan zo ina zare ido ina nemanta.

Da na ce a buɗe bututun ɗumi, mai gareji ya ajiye sufana ya dube ni yana dariya.

"Tun da ni ke aikin ga ba a taɓa ce mani in sa ma mota zahi ba. Lahiya kake?"

Na ce, "Tsohuwa zan ɗauko da asuba."

Bai ƙara dariya ba. Ya shiga ƙarƙashi ya nemo bakin bututun, ya wanke shi, ya haɗa. Daga nan muka koma kan gilashin taga da aka sauke tun watannin zafi ya maƙale a ƙasa, muka lallaɓa shi har ya hau. Na sayi tamfol na rufe baya, saboda an ce mini akwai wasu tsofaffin da za su biyo mu.

To, da wannan shiri muka fita, ina jin kaina. Taubashina ya zo cikin wata ƙatuwar rigar sanyi ta gwanjo mai gashi a wuya, wadda na tabbata an ɗinka ta ne don ƙasar da ƙanƙara ke rufe ƙofa. Na ce masa ya zauna a baya kada ƴan sanda su ce na ɗauko rago ba takarda. Ya ce in yi ta surutu, gobe war haka zan roƙe shi aronta.

Hanyar Kanambakashe jar ƙasa ce mai kunya-kunya, in ka yi a hankali ta girgiza ka, in ka yi sauri ta girgiza motar. Muna cikinta gari ya fara wayewa. Na sha bin hanyar nan, amma kullum hankalina na kan farashin wake, ban taɓa dubanta da idon mai zuwa neman gani ba. Ranar na duba. An gama girbi, gonaki sun yi fili fetal har iyakar gani, komai ya bushe ya yi ruwan zuma. A tsakiyar wannan bushewa sai ga itatuwan gawo tsaye kore shar. Duk damina gawo tsirara yake, sai sauran itatuwa sun zubar da ganye shi kuma ya fitar da nasa. Tun ina yaro na san haka, amma ranar sai da na rage gudu na ce Allahu Akbar a fili. Na tuna Inna ta daɗe ba ta ga wannan ba.

A Kanambakashe muka tsaya shan shayi. Mutane sun kewaye wutar kara, kowa ya miƙa tafin hannu, ana magana tururi na fita daga baki. Mai ƙosai tana ta fama da man gyaɗa da ya yi barci cikin kwalba, sai da ta kanga shi a wuta ya yarda ya zubo. Ƙosan ya yi daɗi, mai zafi da yaji, kuma sun fi namu na Tasawa girma, abin da ba na son faɗa amma gaskiya ce. Wake ya yi araha a nan bana, hatsi ma ya sauko. Ɗan kasuwar da ke cikina ya motsa, na tsawata masa muka wuce.

Shiga Mayahi sai ka gangara Gulbin Kaba. Ba ruwa a cikinsa, sai goriba da kaba jere bi da bi, mata na tafe da tabarmi da igiyoyi a ka. Kana gangarawa za ka ji sanyin ya canza, ya fi na tudu cizo. Muka biya gidan likita don in ji da kunnena. Aka tabbatar mini gobe ne, a zo da wuri. Har wasu sun riga sun iso, na ga mutanen garin Sarkin Hausa sun kwance amalankensu a gindin bedi, wato dogon yaro, sun shimfiɗa wa tsofaffinsu tabarmi a rana. Muka cika tanki, don daga nan ba sauran gidan mai, kuma na kwalba da ake sayarwa a ƙauye ban yarda da shi a sabuwar rariyata ba. Muka ci shinkafa da wake a bakin kasuwa, muka kora da fura mai sanyin da har haƙori ke amsawa. Sannan na rage wa tayoyi iska muka fuskanci arewa.

Daga nan hanya ta ƙare, sai sawu. Rairayi ne fari tas, jigawa bayan jigawa, sawun amalanke ya rabu biyu ya sake haɗuwa, kai dai ka bi wanda zuciyarka ta ba ka kuma kada ka ɗaga ƙafa. Ƙauyuka na ɓullowa da rumbunansu sababbin yaɓe, cike da hatsi. Garken Fulani sun sauko suna kiwo a karan gonaki, raƙuman Buzaye na miƙa wuya suna tsinkar gawo. Mun tsaya a wata rijiya don inji ya sarara. Zurfinta ya sa ba a jan guga da hannu, sai a ɗaura wa bijimi igiya ya yi ta tafiya har ya yi nisa kafin guga ya fito. Na leƙa ciki ban ga ruwan ba, sai wani ɗan haske can ƙasa. Mutanen da suka haƙa wannan da hannu, cikin rairayin da ke zubowa, ban san irin zuciyar da Allah ya ba su ba.

La'asar sakaliya muka shiga ƙauyenmu. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki, kafin in yi sallama ta ce ta ji kukan motar tun daga bayan jigawa. Na durƙusa na gaishe ta, ta riƙe hannuna tana ta sa albarka. Na ce ko mu juya yanzu mu kwana Mayahi, ya fi kwanciyar hankali.

"Ni ba ni kwana waje cikin ɗarin ga," in ji ta. "Kuma sauran ba su iso ba. Gobe da sahe mu tahi gaba ɗai."

Sauran su ne tsofaffin da za su bi mu, daga nan da rugagen kusa, waɗanda ake kawowa a amalanke. Sai gab da magariba suka cika. Ba yadda na iya. Na gyara wa motar wurin kwana a jikin danga inda iska ba ta bugowa, na rufe murfin inji da bargo, na ce ai an gama.

Abin da ban lissafa ba shi ne wayoyi. Ƙauyen ba samari, duk sun tafi ci-rani da gama girbi, har da mai cajin waya da hasken rana, ya kulle shagonsa ya bi su. Saura tsofaffi da mata da ƙananan yara. Ana idar da magariba sai ga wata gwaggona da waya ƙunshe a bakin zane.

"Ɗana, ka taimake ni da wutar motar ga. Ƙanenka na can Agadas, tun da ya tahi ban ji muryarshi ba."

Wa zai ce mata a'a? Na jona mata. Kafin in juya sai ga ta biyu, ga ta uku. Wani dattijo ya kawo wani allon caji mai bakuna da yawa da ake maƙala wa batir kai tsaye. Kowace waya da uwar da ke jiran ɗanta. Na ta da inji na bar shi yana aiki na ɗan lokaci, amma gazuwal ɗin na tafiya ne, dole na kashe. Na ce bayan isha a cire komai. Kowa ya ce to. Na san irin wannan to ɗin, ni ma ɗan garin ne, amma gajiya ta kwashe ni na shiga ɗaki. Ashe da wannan ta cika sai a cire a sa wata, har da fitilun hannu da rediyon maigari.

Sanyin da na tarar da asuba ban taɓa jin irinsa a Tasawa ba. Ruwan buta ya ƙona mini hannu. Sama ta yi wasai, taurari sun sauko kusa kamar ka miƙa hannu ka tsinko. Awaki sun cure wuri ɗaya ba mai motsi. Ban yi musu ba na karɓi rigar taubashina, shi kuma murmushin da ya yi ya isa. Muka yi salla. Tsofaffi suka fito lulluɓe da barguna, ana riƙe da hannuwansu, aka zaunar da su a jikin bango. Inna ta sa zanenta na zuwa biki.

Na yaye bargo, na shiga, na murɗa makulli. Fitilar buji ta kawo ja-ja kamar za ta mutu. Na ƙara murɗawa. Inji ya ce ƙyat, ya yi shiru. Na sake, ko ƙyat ɗin babu.

Jama'a, na ji tsoro. Na kifa kai a sitiyari. Duk abin da na yi a gareji, ga shi batir ya kwana yana ciyar da wayoyi, sanyi ya ƙarasa abin da ya rage. Ba wata mota a ƙauyen, batirin babur ba ya ta da injin gazuwal, amalanke kuwa ba zai kai Mayahi ba sai rana ta raba tsaka. Na dubi Inna ta cikin gilashi. Ta karkata kai wajen motar tana saurare, kuma na san ta ji shirun.

Gwaggon da ta fara kawo waya ta matso tana tafa hannu tana salati. Maigari ya dafa ƙofa ya ce, "Mi ya kamata a yi? Hwaɗa muna."

Na ce, cikin ɓacin rai, ba abin da za a iya. Sai an ɗumama inji, sai an sami gangare mai tsawo, sai ƙasa mai tauri da taya za ta kama, sai ƙarti masu turi. Nan kuwa rairayi ne ko'ina, kuma masu ƙarfin duk suna Agadas da Kano. Ni ina faɗa ne don su san ba dama. Su kuma ashe ji suke kamar ina raba musu aiki.

Ban ga wanda ya ba da umarni ba. Mata suka watse cikin gidaje. Can sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowace da kaskon garwashin da ta kwana da shi a ɗaki. Gari bai gama wayewa ba, sai jajayen wuta ke tahowa ta kowane lungu, suna haska fuskokin masu ɗauke da su. Na tsaya baki buɗe. Sai da taubashina ya zungure ni na farga, na kwanta a ƙasa ina karɓa ina turawa ƙarƙashin inji, daidai tukunyar mai, nesa da bututun gazuwal. Na ce ban da harshen wuta, garwashi kawai, a yayyafa masa toka. Aka kewaye gaban motar da tabarmi don ɗumin ya tsaya. Waɗanda suka ɗora ruwan kunu suka sauke shi suka kawo, na riƙa tsiyaya shi a hankali a kan famfon gazuwal. Muka ciro batir muka ɗora shi a kujerar tsugunno kusa da wuta, wata tsohuwa ta zauna tana juya shi kamar mai gasa masara, ko zai farfaɗo ya ba mu abin da zai kunna buji sau ɗaya.

Ana cikin haka maigari ya aika aka koro shanun rijiya. Aka ɗaura musu igiyar guga a gaban motar. Akwai wata doguwar jigawa a gabas da gari da ke gangarawa zuwa kwari, can za a hau da ita. Na mayar da batir, na kama sitiyari, aka janye kasake, shanu suka sunkuyar da kai suka ja. Motar da na saba jin rurinta ta riƙa hawa shiru, ba ka jin komai sai numfashin shanu da kukan igiya.

Da muka kai sama na dubi gangaren na ce ba zai yiwu ba, taya za ta nutse kafin ta yi gudu. A nan ne na ga abin da har yanzu in na tuna tsigar jikina ke tashi. Mutane suka koma gida suka fara kwance dangoginsu. Zanar da suka kafa don ta tare musu iskar ɗari, wadda aka sha wahalar saƙawa bayan girbi, ita suka riƙa tumɓukewa suna jawowa. Wasu suka kwaso karan da suka tara wa dabbobi. Aka shimfiɗa su layi biyu daidai faɗin tayoyi, tun daga ƙwanƙolin jigawa har ƙasa. Gidaje suka koma tsirara, kana hango tukwane da gadaje daga waje. Na ce wa wata mata taya za ta ragargaza mata zana.

"A saƙa wata," ta ce. "Kai dai ka kai su."

Gabas ta yi ja. Dama ɗaya ce, don in ta kai ƙasa ba ta tashi ba, kwarin rairayi ne mai zurfi, fitar da ita sai hantsi. Na taɓa jikin inji na ji shi da ɗumi. Na shiga, na yi bisimilla, na murɗa makulli rabi. Fitilar buji ta kawo, ba ƙarfi amma ta tsaya. Na sa giya ta biyu na danne kuloci. Taubashina da dattawa da mata, har da masu goyo, suka sa kafaɗa a baya. Wani ya ce, "Ya Allah!" suka tura.

Ta fara gangarawa a hankali, zana na ƙara a ƙarƙashinta. Ta ƙara gudu. Na bari har muka wuce rabi, sannan na saki kuloci. Motar ta yi tsalle ta shaƙe kamar za ta tsaya. Ta yi tari sau ɗaya, ta sake yi. Sai farin hayaƙi ya turnuƙe bayana, inji ya kama da wani irin ruri da ban taɓa jin daɗin sauti kamarsa ba. Na danna totur ina kabbara ni kaɗai cikin mota, hawaye na zuba. Daga saman jigawa guɗa ta tashi.

Ban kashe ta ba. Na zagayo ta bayan gari aka ɗora tsofaffi a baya cikin tamfol, aka jera musu barguna, taubashina ya zauna tare da su. Inna ta shiga gaba. Mun ɗan yi nisa, allurar zafi ta hau daidai inda ya kamata, na buɗe bututun nan. Ɗumi ya bugi ƙafafunta. Ta janye su da sauri.

"Wa ya hura wuta cikin motar ga?"

Na ce ba wuta ba ce, numfashin inji ne. Ta mayar da ƙafafun a hankali, ta ce ashe ana haka, ta gyara zama.

Rana ta riga mu fitowa, kuma tana hawa da sauri fiye da yadda nake so. Ban tsaya ko'ina ba. Inda rairayi ya yi zurfi na riƙe totur ina roƙon Allah, motar na wutsil-wutsil tana fita. Ban iya gudu sosai ba saboda ƙasusuwan da ke baya. Da muka hango goribar Gulbin Kaba hantsi ya fara, inuwa ta gajarta. Muka iske harabar likita maƙil, mai tsaron ƙofa ya riga ya jawo ganyen ƙofar ɗaya. Taubashina ya dira tun motar ba ta tsaya ba, ya yi masa magana, mutumin ya leƙa bayan tamfol ya ga fuskokin da ke ciki, ya buɗe. Bayanmu mutum kaɗan aka ƙara karɓa.

An yi wa Inna ido ɗaya, aka ce ɗayan sai wannan ya warke. Cikin waɗanda muka kawo akwai wani dattijo da aka duba aka ce nasa ba yana ba ce, jijiyar ce ta mutu, ba abin da wuƙa za ta yi.  Shi ya riƙe hannuna ya ce ba komai, ai ya sha iska, kuma yau ya ji yadda ake ta da mota da shanu. Ya ba ni tausayi ƙwarai, har yanzu yana raina.

Muka kwana gidan wani ɗan'uwa a Mayahi. Motar na ajiye ta a kan gangare, hancinta na duban ƙasa, batir kuwa na cire shi na shiga da shi ɗaki. Da safe aka kwance wa Inna ido. Ta yi ta ƙifce-ƙifce, ta ce tana ganin haske da mutane kamar inuwa. Likita ya ce zai yi ta washewa, ya ba ta baƙin tabarau da maganin ɗigawa. Ƴan'uwan sauran tsofaffin sun biyo mu da amalanke, su suka koma da su gida a hankali. Inna kuwa na ce sai Tasawa, ta yi jinya a wurinmu.

Muka kama hanya. Ta manna fuska a gilashi. Can ta ce, "Wancan raƙumi ne." Na ce shi ne. Aka jima ta ce ga mata da tulu, ɗaya da jan zane. Ta riƙa kiran abubuwa da sunansu ɗaya-ɗaya, a hankali, kamar mai gaishe da mutanen da ta daɗe ba ta gani ba. Ni dai ina tuƙi ina amsawa.

Masu mota, ga abin da na koyo. Ku shirya wa ɗari tun bai zo ba, kada ku bari sai safiyar da kuke da buƙata. Mai mai kauri na bazara ne, a sauke shi. A duba buji ko da motar na tashi lafiya. Abin da aka cire da zafi a san inda aka ajiye shi a mayar. Da ban yi waɗannan ba, da ko an ƙone itacen ƙauyen duka a ƙarƙashinta ba za ta kama a gangare ɗaya ba. Batir kuma a cire masa kai kafin a kwanta, don kunya ba za ta bar ka ka hana gwaggonka caji ba, ni ma gobe aka sake roƙona zan bayar. Amma babban abin da na gani ba a gareji yake ba. Na je ƙauyen nan ina ganin ni ne mai taimako, na baro shi gidaje a buɗe cikin iska saboda uwata da tsofaffin mutane su gani. Na riga na yi magana da masu saƙa, zana ce kayan da bashe za ta fara kaiwa arewa.

Mun shigo Tasawa bayan la'asar. Na tsaya a ƙofar gida, na zagayo na buɗe mata, na miƙa hannu yadda na saba don in jagorance ta. Ba ta kama ba. Ta ɗaga tabarau sama kaɗan, ta dube ni da idon nan ɗaya mai ja, ta daɗe tana dubana har na fara jin kunya. Sannan ta kai hannu ta taɓa gemuna.

"Ɗan nan," ta ce, "yaushe ka yi hurhura haka ban gani ba?"

Na kai hannu na shafa gemun. Ta sauko da kanta, ta wuce ni, ta shiga gida ba wanda ya riƙe ta.